Layi Huɗun da Kawu Ya Bar Mini

Ranar Laraba da hantsi Allah ya yi wa Kawu, yayan mahaifiyata, rasuwa, lokacin gero ya fara fitar da kai. Na Allah ne mu duka, kuma wurinsa za mu tattara. Kafin azahar maza sun kai shi makwanci sun dawo, aka shimfiɗa musu tabarmi a gindin darbejiyar ƙofar gida, mu kuma mata muka cika tsakar gida har bakin murhu.

Kwana uku ina zaune kusa da Inna, mahaifiyata, ina sauraron abin da masu gaisuwa ke faɗa a kansa. Matar liman ta ce ba ta taɓa ganin mai haƙuri da ciwo irinsa ba. Goggo, ƙanwar mahaifina, ta ce ai hutu ya samu, mu ma masu jinya mun huta, kuma da zuciya ɗaya ta faɗa. Daga waje aka shigo mana da labarin wani dattijo da ya ce Kawu ya taɓa gyara masa rediyo bai karɓi komai ba. Mai unguwa ya ce injiniya ne a wata masaƙa a Kano kafin a rufe ta. Babban ɗan Kawu ya iso daga Legas a rana ta biyu, da aka tambaye shi ainihin aikin da mahaifinsa ya yi, sai ya ce zanen atamfa ne. Daga nan hira ta koma kan tsadar taki.

Duk gaskiya suka faɗa. Amma babu ko ɗaya a cikinsu da ya san abin da ke cikin kan bawan Allahn nan. Ni kaɗai na leƙa, shi ma a makare. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, kada nan da shekara biyu a ce abin da ya rage na Kawu shi ne gyaran rediyo.

Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Uwata yake ce mini, tun ina rarrafe har ranar da ya bar duniya. Dogo ne, siriri, ba ya son hayaniya, ba ya shan shayi da sukari. Yana da wata tambaya da ta sa mutanen garinmu suka ɗauke shi mai mugun baki. Duk wanda ya zo masa da shiri, ko na biki ne ko na shuka, zai saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "To, in babu fa?" In an ce za a shuka gyaɗa da ruwan farko, ya ce in na biyun ya yi jinkiri fa. In an ce motar Kano za ta zo da safe, ya ce in ba ta zo ba fa. Inna takan ce masa, Yaya, ka bar mutane su yi fatan alheri mana. Shi kuwa sai ya yi murmushi ya ce ai bai hana ba, so yake kawai a san inda za a dafa.

Da aka rufe masaƙar ya dawo gida ya kama noma kamar kowa. Ƙauyenmu tafiyar rabin awa ne a babur daga Ɗambatta, kuma a nan gona tana manne da gona, iyaka sai ɗan layin gamba. Gado ya yi ta raba filaye har gonar Kawu ba ta fi ka tsaya a wannan gefen ka yi magana da na wancan gefen ba tare da ɗaga murya ba. Ya noma ta shekaru. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa maza suka tafi kudu neman abinci. Sai wata rana yana alwala ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa kuma ya yi nauyi.

Ɗansa ya aiko da keken guragu, amma ƙofar ɗakin ta yi masa kaɗan, a tsakar gida kuma tayoyin nutsewa suke yi a rairayi. Aka jingine keken a bayan rumbu, kaji suka mai da shi wurin kwana. Ɗakin Kawu taga ɗaya gare shi, ƙarama, tana kallon gonar maƙwabci. Da rani yana hango hanyar da ke zuwa titi. Da damina dawa takan tashi ta rufe tagar gaba ɗaya, ɗakin ya yi duhu-duhu ko da rana tsaka. A nan ya yi shekarunsa na ƙarshe.

Ni ma ba da niyyar zama na dawo ba. Na gama karatun kwamfuta a jami'a, ina neman aiki a Kano, mahaifina ya rasu. Na zo in taya Inna zaman takaba. Kafin ta fita takaba ciwon Kawu ya same shi, gwiwoyin Inna kuma ba sa barin ta ta ɗaga ko bokitin ruwa. Muka dawo gidansa da zama, na ce zan ƙara wata uku. Waɗannan su ne shekarun da taki ya fi ƙarfin talaka, kuɗin mota ya sa zuwa Kano ya zama shawarar da ake kwana ana yi, akwai ma lokacin da takardar kuɗi ta ɓace daga hannun mutane har mai kayan miya ya koma karɓar hatsi. Wata uku suka zama shekara uku.

A shekarar da abin ya fi tsanani, Kawu ya sa aka kwashe takin awakinsa duka aka kai gonar Inna, tasa aka shuka ta haka nan. Da Inna ta yi magana, ya ce mai takaba ta fi mai kwanciya buƙatar hatsi. Ba a sake tayar da maganar ba.

Abin da ya riƙe ni a lokacin wani ɗan aiki ne da na samu daga wani ƙaramin kamfani a Kano. Suna yi wa masu gine-gine manhajar waya da ke nuna gida tun kafin a gina shi, mai saye ya sa yatsa ya juya gidan ya gan shi ta kowane gefe. Ni aka ba rubuta ɓangaren da ke juya hoton. A ɗakin Inna nake aiki da tsohuwar kwamfutata, in caji ya ƙare a kai ta shagon mai sola, in zan aika aiki in hau babur zuwa Ɗambatta inda sabis ke da ƙarfi. Ban taɓa nuna wa Kawu ba. A raina, mutumin da ya bar kwamfuta tun ina firamare ba shi da abin da zai gane.

Ranar da za a nuna wa wani Alhaji mai gine-gine aikin, shugaban kamfanin ya ce in zo Kano. Na bar wa maƙwabciyarmu amanar gidan na shiga mota. Alhaji ya karɓi wayar, ya juya gidan dama, ya juya hagu, yana gyaɗa kai. Sai ya ja yatsa don ya leƙo tsakar gidan daga sama. Yana kaiwa daidai tsakiyar sama, fuskar wayar ta yi baƙi ƙirin. Ya girgiza ta, ya dubi shugabanmu, ya tambaya ko an ɗauke wa gidan wuta ne tun ba a gina shi ba. Mutanensa suka yi dariya. Da muka fito, shugaban bai yi mini faɗa ba. Cewa ya yi in mako ya zagayo ban gyara ba, akwai wanda ke zaune a Kano da zai iya, ba sai ana jiran mai hawa babur neman sabis ba.

Kwana biyu ina bin rubutun layi-layi har na gano inda abin yake. A aikinmu akwai abin da ake kira bekta. Kibiya ce ta lissafi, tana da tsawo, tana da inda ta nufa. Sau da yawa ba ruwanmu da tsawon, inda ta nufa kawai muke so, sai mu raba ta da tsawonta don ta koma tsawo ɗaya daidai. Manhajata tana ɗaukar kibiyar inda mai kallo ya fuskanta, da kibiyar da ke nuna sama, ta fitar da ta uku wadda ke nuna hannun dama na hoton. In mutum ya kalli gidan daga sama tsaye, kibiyoyin biyu na farko sukan kwanta a layi ɗaya, ta ukun ta rasa tsawo. Kwamfuta ta raba sifiri da sifiri, abin da ya fito ba lamba ba ne, kuma duk lissafin da ya taɓa shi ya lalace. Shi ne baƙin da Alhaji ya gani.

Da hantsin rana ta uku na kai wa Kawu kunu, da kwamfutar a hannuna don ɗakinsa ya fi sanyi. Ya ga fuskata ya tambayi abin da ya faru. Na gaya masa a taƙaice, irin yadda ake gaya wa tsoho abu don a fita hakkinsa. Na ce ai na ma samo magani, zan ƙara wata 'yar mitsitsiyar lamba a kan tsawon kafin a raba, yadda ba zai taɓa zama sifiri ba.

Ya daɗe yana haɗa kalmomin, don magana wahala take ba shi. Sannan ya ce, "Uwata, kin rufe wa kwamfutar baki ne kawai. Kibiyar da ba ta da tsawo, ina ta nufa?"

Na ce babu inda ta nufa. Ya ce to in na raba ta da 'yar lambata, ina za ta nufa. Na ce ba ni da lokacin wannan, kwana huɗu suka rage mini. Ya ce lokacin da ba ni da shi ne zai sa in yi sau biyu. A nan raina ya ɓaci. Gajiyar shekara uku ce ta taso mini, wankin zannuwansa, da ɗaga shi, da dariyar mutanen Alhaji. Na ce masa abin da ya sani ya mutu tare da masaƙarsu, ya bar ni in yi aikin zamanina. Inna tana bakin ƙofa, ta kira sunana sau ɗaya. Kawu ya sa hannun hagu ya ja jikinsa a hankali har ya juya fuskarsa bango.

Na yi yadda na ce. Baƙin ya tafi. Amma da na ja hoton zuwa sama, gidan sai ya fara rawa, ya wulwula kamar an saki igiyar guga, ya tsuke ya koma ɗan ɗigo a tsakiyar fuskar wayar. Na rage lambar, na ƙara ta, na sake ragewa. Wuni biyu ina wannan. A wunin biyun ina kai wa Kawu abinci yana karɓa, yana cewa an gode, ba ya ƙarawa.

Da safen rana ta biyar na shiga na durƙusa a gefen gadonsa na ce, Kawu ka yafe mini. Cewa ya yi in ɗebo rairayi a faranti in zo da tsinke.

Da hannun hagu ya yi zanen, layukan suna karkacewa. Ya ɗiga ɗigo biyu nesa da juna ya ja layi tsakaninsu. Ya share, ya ɗiga su kusa. Ya share, ya ɗiga ɗaya a kan ɗaya. Sannan ya ba ni labarin da ko Inna ba ta taɓa ji ba, yana yi yana hutawa, ina goge masa baki.

Ashe a masaƙar ba zane yake yi da hannu ba. Shi ya rubuta manhajar da ke karɓar zanen masu zane ta ƙara wa layuka kauri, kafin na'ura ta fitar da su a kan fim ɗin da ake buga atamfa da shi. Manhajar takan ɗauki ɗigo biyu da ke bin juna, ta gano inda layin ya nufa, ta faɗaɗa shi gefe da gefe. Wata rana wani mai zane ya danna sau biyu a wuri ɗaya, ɗigo ya hau kan ɗigo. Na'urar ta ja wani siririn layi ya ratsa ganyen da ke jikin zanen. Ba wanda ya lura sai da aka buga bandir-bandir. Aka ce sakacin mai zanen ne, aka sallame shi. Mutum ne mai iyali, daga wani gari can gabas. Bayan kwana uku Kawu ya gano cewa laifin na rubutunsa ne, ya raba bai auna ba. Ya je ya faɗa wa manaja, manaja ya ce an riga an rufe maganar. Ya nemi gidan da mutumin yake haya, aka ce ya kwashe iyalinsa ya koma garinsu. Bai sake ganinsa ba.

"Danna sau biyu ba laifi ba ne," in ji shi. "Hannu ne. Ni ya kamata in tambayi kaina, in babu tsawo fa."

Daga nan ya koma kan aikina. Ya ce in fara mayar da kibiyoyin nan biyu tsawo ɗaya-ɗaya, don ma'aunin ya zama iri ɗaya ko da mita aka zana gidan ko da milimita. Sannan in auna ta ukun kafin in taɓa ta. Kada in jira sai ta zama sifiri cif, domin tun tana kusa da sifiri 'yan kurakuran da kwamfuta ke yi a ƙarshen lambobi sun fi ƙarfinta, inda take nunawa ba gaskiya ba ne, shi ya sa gidan ke rawa. In sa iyaka. In tsawon bai kai iyakar ba, kada a raba, a riƙe hannun daman da aka yi amfani da shi a hoton da ya gabata, tun da mai kallo daga wani gefe ya taho, kuma gefen nan yake sa ran ci gaba da gani. In ya kai, a raba. Na tambaye shi nawa zan sa iyakar. Ya ce ba zai gaya mini ba, in gwada in gani da idona inda rawar take farawa, in sa ta gaba da nan kaɗan.

Layi huɗu ne duka. Na rubuta su a gefen gadonsa, na kai hoton sama a hankali. Gidan ya tsaya cak, ga tsakar gida, ga tankin ruwa, ga inuwar katanga. Na riƙe masa kwamfutar a gaban fuskarsa. Ya sa yatsan hagu ya juya gidan da kansa, ya kai shi sama, ya dawo da shi, ya sake kaiwa. Ya fi minti goma yana wannan. Rabon da ya taɓa kwamfuta tun ina firamare. Inna ta leƙo ta ga yana dariya da rabin fuskarsa, ta koma da sauri don kada ya ga hawayenta.

Bayan wannan kusan kullum da hantsi nakan kai aikina ɗakinsa. Bai san sababbin harsunan da muke rubutu da su ba, kuma bai ɓoye ba. Amma in na karanta masa lissafin, yakan rufe ido, ya tsayar da ni a daidai inda ɓarakar take. Watanni bakwai muka yi a haka. Su ne kaɗai watannin da na ga yana tambayar ko wace rana ce yau.

Da bazara shugaban kamfanin ya kira ni ya ce suna son in dawo Kano in zauna a ofis, aiki na dindindin. Na ce zan yi shawara, ban gaya wa kowa ba. Inna ce ta ji ina waya ta kai wa Kawu labari. Washegari na kai masa tuwo, ya kawar da kai. Na kai kunu, ya rufe baki. Maƙwabciyarmu ta shigo ta ba shi, ya karɓa. Kwana biyu yana cin abinci daga hannun kowa ban da nawa. Da na tambaye shi laifin da na yi, ya ce ɗakin nan mutum ɗaya aka rubuta wa shi, ba biyu ba. Na ce wa zai ɗaga shi, wa zai duba Inna. Ya ce Allahn da ya kwantar da shi bai manta da shi ba. Na ce masa yau shi ne ba ya tambayar in babu fa. Ya ce ya tambaya, ya kuma ga amsar, ya fi son ta a kan ya ga na tsufa a bakin gadonsa.

Muka daidaita a kan zan tafi bayan an yi girbi, in ɗansa ya samo wanda zai zauna da su. Ya sa na faɗa da bakina sau biyu, a gaban Inna. Sannan ya buɗe baki ya karɓi tuwon.

Bai kai girbin ba. Ranar Larabar nan na shirya da wuri zan je Ɗambatta in aika aiki. Na shiga na gaishe shi, ya ce in sayo masa lemon tsami, bakinsa ba daɗi. Ina tsaye a bakin wani shago ina jiran aikin ya gama tafiya, maƙwabciyarmu ta kira ni ta ce in dawo gida. Ban tambaye ta dalili ba. Na hau babur da lemon a ƙulle a bakin mayafina, tun daga nesa na hango maza a ƙofar gida.

Yau kwana hamsin ke nan. An yanke gero, dawa ta kusa. 'Ya'yansa sun koma kudu. Shugaban kamfanin ya jira ni iya jiransa, makon jiya ya gaya mini sun ɗauki wani, amma zan ci gaba da karɓar aiki daga gida kamar da. Inna ta kwashe shimfiɗarta ta koma ɗakin Kawu, ta ce a garin nan aka binne iyayenta da mijinta da yayanta, ba ta ga abin da za ta je yi Kano da waɗannan gwiwoyin ba. Ban yi mata gardama ba, ban kuma san yadda zan bar ta ba.

Kawu, na yi maka alkawari sau biyu a gaban ƙanwarka, kuma ga ni ban tafi ba. Ban fasa ba, amma ban san ranar ba, kuma ba zan yi maka ƙarya ba ko kana ƙasa. Allah ya gafarta maka, ya yalwata maka makwanci fiye da ɗakin da ka bari, ya haɗa ka da mai zanen nan a inda za ka samu bakin gaya masa abin da ka riƙe shekara da shekaru. Mu kuma da muke nan, Allah ya buɗe mana ƙofa.